Tsuntsayen Bakin Gulbi a Lokacin Sheƙa

'Yan'uwa manoma na ƙasar Sabon Birni da Isa, in damina ta kama, sai kurmin bakin Gulbin Rima da na Bunsuru ya cika da sheƙunan tsuntsaye. Wanda ya iya rarrabe su zai san mai taimakon gonarsa da mai cinye ta.

Shamuwa ce ke fara isowa, wajen Afril ko Mayu. Ta yi rani can kudanci da gabashin Afirka, ta biyo ruwa zuwa nan. Takan yi sheƙa da kirare a kan kuka ko tsamiya, sau da yawa a tsakiyar gari. Abincinta fara ne da tsutsa, haka ma balbela mai bin shanu. Saboda haka yaron da ya kwashe ƙwan shamuwa, ko ya harbi balbela da danƙo, gonar ubansa ya cuta. Mujiya ma, wadda mutane ke tsoro ba gaira ba dalili, ɓera take kamawa da dare.

Wanda ya kamata mu sa wa ido shi ne jan baki. Ainihin abincinsa tsabar ciyawa ne, amma in gero ko dawa ko shinkafa sun fara ido, sai ya faɗa musu. Tsuntsu ɗaya yakan ci wajen giram 10 a rana. Kaɗan ne, amma ai dubbai suke zuwa, kuma abin da suke zubarwa ƙasa ba kaɗan ba ne. Sukan yi sheƙa tare wajen Agusta da Satumba, a itatuwa masu ƙaya kusa da ruwa, har itace guda ya ɗauki sheƙa ɗaruruwa. Namiji ne ke saƙa ta da ɗanyar ciyawa. Macen takan yi ƙwai kamar 3, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 10, bayan mako 2 'ya'yan sun tashi. Kun ga ke nan daga saƙa zuwa tashi bai cika wata guda ba. Wanda ya ga sabuwar saƙa ya yi shiru har sati uku, to ya makara.

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu ko uku su riƙa dubawa da sassafe ko gab da magariba, lokacin da garken ke komawa makwanci. A lura da inda suka nufa, a gaya wa malamin gona ran nan. Da rashin tsaron da ƙasarmu ke ciki, kada kowa ya kutsa kurmi don neman sheƙa. Daga bakin gona ma ana ganin hanyarsu.

Kada kuma a sare itatuwan bakin gulbi don korar jan baki. Shi zai koma wani wuri, gaɓa kuwa ta zabtare, shamuwa ta rasa wurin sheƙa. Maganin feshi ma ba ya zaɓe, yana kashe balbela da shirwa tare, don haka a bar shi a hannun ma'aikatan gona.