Abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi abin sha na gida a Madarunfa da Maraɗi

A Turai da Amurka akwai wani yayi da ya daɗe yana tashe. Mashaya giya sun gaji da ta manyan kamfanoni, wadda ɗanɗanonta ɗaya ne ko'ina, sai suka koma bin gari lungu-lungu suna neman wadda ƙananan masu dafawa suka yi. A Ingila akwai ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa tun 1971 saboda wannan, kuma duk shekara tana fitar da littafin da ke nuna mashayar da ta cancanci a je. A Amurka, gidajen dafa giya ba su kai 100 ba a ƙarshen shekarun 1970, yau sun haura 9,000.

Mu nan yawancinmu Musulmi ne, giya ba abin shanmu ba ce. Sai dai abin da waɗancan ke wahalar nema, wato abin sha da mutum sananne ya yi da hannunsa, kaɗan-kaɗan, da amfanin gonar ƙasarsa, mu bai taɓa barin ƙofar gidanmu ba. Daga bakin tafkin Madarunfa zuwa Jiratawa, daga tashar Ɗan Isa zuwa babbar kasuwar Maraɗi, ba za ku rasa mai ƙwarya ko mai kula ba. Abin da ya rage shi ne ku iya bambance na kirki da wanda zai kwantar da ku.

Me ake nufi da abin sha na gida?

Duk abin sha da ba a kamfani aka yi shi ba. Fura da nono ce uwa. Sai kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo wanda wasu ke kira bisap, lemun tsamiya, lemun citta, da tukuɗi mai cuku da dabino. Kusan duka mata ke yin su a cikin gida, yara ko ƴammata su fita da su talla.

Sana'ar ba ta jiya ba ce. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko, da ya ratsa yankin Tambutu da Gawo a 1353, ya ba da labarin wani abin sha na dakakken gero da ruwa da ake sa wa zuma ko nono. Kayan haɗin kuma namu ne. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, ayar da ake fita da ita har Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin nasu kunun ayar.

Daga ina tsamin nono da na kunu ke zuwa?

Daga wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kada kalmar ta tsorata ku, ba kowace ƙwaya ce ta cuta ba. Idan Bafulatana ta zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara ta rufe ƙwarya, irin waɗannan ƙwayoyi ta shuka. Kafin gari ya waye sun cinye zaƙin da ke cikin madarar sun mai da shi tsami, madara ta yi kauri ta zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne tsala. Haka ma ƙullun kunun zaƙi da aka bari ya kwana.

Wannan tsami yana da amfani biyu. Shi ke ba da ɗanɗano, shi ne kuma ke rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfin yaɗuwa. Shi ya sa nono ke jure zafin rana fiye da ɗanyar madara.

Amma aikin ƙwayoyin ba ya tsayawa don an gama haɗi. Lemun kamfani an dafa shi, an sa masa maganin hana lalacewa, an toshe, yana iya yin watanni. Na gida yana ci gaba da canzawa a cikin robar tun daga lokacin da aka ɗura shi. Kunun da ya yi daɗi da hantsi, da la'asar ya fara kaifi, washegari ya zama wani abu dabam. Kunun aya ya fi kowanne saurin juyawa, domin ba shi da tsamin da zai kare shi, ga zaƙi ga maiƙo. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, awoyi kaɗan sun ishe shi idan babu sanyi.

Da gaske ne kunu yana iya zama giya?

Mutane da yawa suna jin nauyin yin wannan tambaya, alhali ta cancanci amsa. Bayan ƙwayoyin da ke kawo tsami, akwai wasu da ake kira yis, irin waɗanda masu burodi ke sa wa kwaɓi ya kumbura. Yis yana cin suga, ya fitar da iska da kuma sinadarin da ke bugarwa. Yana nan a cikin iska, a jikin hatsi, a jikin tukunya. Duk abin sha mai zaƙi da aka bari ya daɗe a wuri mai ɗumi, yis zai kama aiki a cikinsa.

Burkutu, giyar gargajiya da Arnan kwarin Maraɗi da Maguzawan ƙasar Katsina da Kano suka sani tun kaka da kakanni, da gangan ake bin wannan hanya a yi ta. Ana jiƙa dawa a bar ta ta yi tsiro, domin tsiron ne ke mai da garin hatsi ya zama suga. A shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba ragowar tsohuwar giya a bar shi wajen kwana 2 yana tafasa da kansa ba wuta. Mata ne ke dafa ta, a da kuma ana shanta a wajen gayya da bukukuwan noma. Ƙarfinta yana kusa da na giyar kwalba.

Kunun zaƙi ba haka yake ba. Dare ɗaya yake yi, ƙwayoyin tsami ne suka rinjaya a cikinsa, kuma ba ya bugarwa. Abin da ya raba su shi ne niyyar mai yi da tsawon lokaci. Saboda haka wanda ya sha kunun da aka dama yau ba shi da abin damuwa. Wanda ya ajiye zoɓo mai suga kwana da kwanaki a ɗaki, ya ga robar ta kumbura, ya buɗe ya ji ta yi tsaki, ga kumfa na tasowa ga wari mai hawa hanci, to ya zubar. Malamai ma sun san wannan iyaka. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) busasshen inabi a ruwa, yana sha, amma ba ya wuce yammacin kwana na 3. Ku tuna dai zafin ƙasarmu ba ya jiran kwana 3.

To ina haɗarin yake?

A ruwa, kafin komai. Gero da aya da zoɓo ba su cika cutar da kowa ba, ruwan da aka dama su da shi ne abin dubawa. Mutanen Madarunfa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A watan Yulin 2018 cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓulla a wannan gunduma, ta kama mutum sama da 3,000 a faɗin ƙasar, mafi yawansu a nan. Ta sake dawowa jihar a 2021. Ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta take bi, ita da taifot, kuma damina ce lokacinsu, sa'ad da Gulbin Maraɗi ya kawo, ruwa ya kwanta, ƙazanta ta gangara rijiyoyi.

Wani zai ce ai zoɓo dafa shi ake yi. Haka ne. Amma bayan an sauke, da wane ruwa aka ƙara shi? Da me aka yi ƙanƙarar da aka jefa ciki? Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa tana narkewa ta saki abin da ta riƙe.

Na biyu, madara. Saniya marar lafiya tana iya ba mutum tarin fuka ko bakkale, wata cuta mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, ta hanyar madarar da ba a dafa ba. Tsamin nono yana rage haɗarin amma ba ya kawar da shi. Kamfanoni irin su Niger-Lait da Solani suna ɗumama madara zuwa wani ma'auni kafin su sarrafa ta, galibi digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida babu ma'aunin zafi, don haka a tafasa ta kawai, ta huce, sannan a zuba tsohon nono.

Na uku, wutar lantarki. Wutar Maraɗi ta daɗe tana dogara da layin da ke tasowa daga Katsina, kowa kuma ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a watan Agustan 2023. Abin sha da ya daskare, ya narke da wuta ta ɗauke, ya sake daskarewa, sanyinsa na iya ruɗin ku alhali ya riga ya juya.

Ta yaya za ku gane mai sayarwa ta kirki?

Mu ba mu da littafi irin na Ingila. Namu littafin shi ne bakin mutane. Idan kun sauka baƙi a Madarunfa, ko don kasuwa ko don ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, ku tambayi mai masaukinku wacece ke yi wa unguwa kunun suna da na buɗa-baki. Matar da maƙwabtanta ke ba aikin biki ta riga ta ci jarrabawa. Ku fi son mai zama wuri ɗaya kullum a kan mai wucewa, domin wadda za ku iya komawa gare ta gobe ba za ta so ta ji kunya ba.

Ku dubi cinikinta. Wadda kayanta ke ƙarewa kafin azahar ba ta da kwantai, kwantai kuwa shi ne babban abin gudu. Ba laifi ba ne ku ce, “Hajiya, na yau ne?” Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya.

Sannan ku dubi kayan aikinta. Ƙwarya a rufe da faifai? Ludayin yana da mazauninsa, ko a ƙasa yake? Ruwan da take ɗauraye kofi ya yi kauri? Hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke shiga cikin fura? Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato hura leda da baki kafin a zuba abin sha. Idan kun ga haka, ku wuce. Robobin da ake ɗura kunu kusan duka tsofaffi ne da aka sha ruwa ko lemo a ciki, kuma wasu daga bola ake tsinto su. Ku duba bakin robar da cikin murfin, nan dauɗa ke maƙalewa. Zuwa da naku kwanon ya fi.

Harshe ma alƙali ne. Zaƙin da ya bar ɗaci-ɗaci a can bayan harshe na sakarin ne, wani sinadari da ya fi suga zaƙi wajen sau 300, wanda ake sawa don a rage kashe kuɗi. Zoɓon da ya yi ja fiye da kima ya kuma rina harshe, kala aka ƙara masa. Nonon da ya yi kauri amma babu ƙanshin shanu, yana kama dasashi kamar koko, an haɗa shi da gari. Fura ta kirki kuwa tana da laushin kirɓi, citta da kanumfari da masoro suna fitowa ba tare da sun danne geron ba, kuma ba ta da tsakuwa. A ganina wadda ta ce muku a fili da madarar gari ta yi nononta ta fi wadda ta tsuga wa na shanu ruwa ta yi shiru.

Nawa ne kuɗinsa?

Ƙullin leda na zoɓo ko lemun tsamiya yakan fara daga dala 5 ko dala 10, wato sefa 25 ko 50. Na roba yakan kama daga dala 20 zuwa sama, kunun aya mai dabino da kwakwa ya fi tsada. Farashin yana bin na gero da suga da ƙanƙara, yana kuma tashi da azumi. Nono yana araha da damina, ya yi wuya da rani sa'ad da ciyawa ta ƙare, kuma a lokacin ne algus ke yawa.

Idan suga ya yi tsada amma ƙullin wata mai sayarwa bai ragu ba kuma kuɗinsa bai ƙaru ba, akwai abin da ta rage a ciki. Araha ba ta ado.

Su wa ya kamata su fi yin hattara?

Ƙananan yara, masu juna biyu, tsofaffi da marasa lafiya, domin su gudawa ke saurin kayarwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ɗura masa kunu ko fura. Mai ciwon suga ya nemi a dama masa ba suga. Mai shan maganin hawan jini ya sani zoɓo ma yana ɗan saukar da jini, ya shawarci likita kafin ya mai da shi abin shan kullum.

Ku masu sana'ar kuma, tafasa ruwa ko sa masa ƙwayar Aquatabs bai kai asarar da za ku yi ba ranar da aka ce a wurinku aka sha aka kwanta. Wanda kuwa ya sha wani abu ya ga gudawa kamar ruwan shinkafa ta kama shi, ya fara shan ruwan gishiri da suga nan take, a kuma kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, kada a jira gari ya waye.