Ko Kun Sani? Keke a Jikin Bangon Zariya

Ko kun san cewa a tsakiyar ƙarni na 20 maginan Zariya sun riƙa zana keke, mota da jirgin sama a fuskar gidaje? Tun ƙasar shafe tana ɗanya magini ke fitar da siffar da hannunsa, ta fito tudu-tudu a jikin bango, kusa da dagi da sauran tsofaffin zane-zane. An fi ƙawata ƙofar zaure, don nan idon mai wucewa ke fara sauka, kuma daga adon ake gane mai gidan ya samu wadata. Lokacin da keke ke abin alfahari, ai dole ya hau bango!

Sana'ar tana da tsohon tushe a birnin. Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yau akwai unguwa da sunansa. A Damagaram ma, gidajen unguwar Birni suna ɗauke da irin wannan ado, sai dai siminti yana ta cinye na ƙasa.