Charles Aznavour, Mawaƙin da Alƙalaminsa Ya Fi Muryarsa

Da Charles Aznavour ya biye wa masu sharhin waƙa na birnin Paris a shekarun 1950, da tun wuri ya nemi wata sana'ar. Sun ce gajere ne, ba shi da fasalin tauraro, muryarsa kuma a dishe take. Ga shi ɗan 'yan gudun hijira.

An haife shi a Paris ranar 22 ga Mayu, 1924, sunansa na yanka Shahnour Aznavourian. Iyayensa Armeniyawa ne 'yan gudun hijira, mahaifiyarsa tana cikin waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin da aka yi wa ƙabilarsu a daular Turkawa tun daga 1915. Yana ɗan shekara tara ya fara hawa dandamalin wasa. Lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Paris a Yaƙin Duniya na Biyu, gidansu ya zama mafakar Yahudawa da Armeniyawan da ake farauta. Wannan kasadar ce ta sa a 2017 aka ba shi lambar yabo ta Raoul Wallenberg tare da yayarsa Aida.

A 1946 shahararriyar mawaƙiya Édith Piaf ta ji waƙarsa, ta jawo shi jikinta. Kada mai karatu ya zaci daga nan kakarsa ta yanke saƙa. Shekara takwas ya yi a ƙarƙashinta, shi ne direba, shi ne sakatare, yana rubuta waƙoƙi wasu suna rerawa suna yin suna.

Sai a Disambar 1960, yana da shekara 36, ƙofa ta buɗe. A zauren Alhambra ya rera "Je m'voyais déjà", labarin wani mawaƙi da ya baro garinsu da mafarkin ganin sunansa a saman allon talla, shekaru suka shuɗe bai kai ko'ina ba. Jama'a suka ɓarke da tafi. Abin da ya yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa ke nan: ya ɗauko abin da mutane ke jin nauyin faɗa, ya tsara shi ya zama ɗan gajeren wasan kwaikwayo na minti uku ko huɗu. A "Tu t'laisses aller", miji ne yake yi wa matarsa ƙorafin ta daina kula da kanta. A "Hier encore", mutum ne yake nadamar ƙuruciyar da ya ɓarnatar. A "La Bohème" ta 1965, mai zane ne yake tuna zamanin yunwa da soyayya a unguwar Montmartre. A ganina nan ƙarfinsa yake. Irin waɗannan mutane da ya ƙirƙira ba su buƙatar zazzaƙar murya; dishewar ce ma ta sa ake yarda da su.

Ya rubuta waƙoƙi sama da dubu, ya rera da Faransanci da Ingilishi da Italiyanci da Sifaniyanci da Jamusanci. A 1974 waƙarsa "She" ta zo ta ɗaya a Birtaniya. Ya kuma taɓa harkar fim, har ya fito a matsayin babban jarumi a fim ɗin "Tirez sur le pianiste" na François Truffaut a 1960.

Bai manta asalinsa ba. Da girgizar ƙasa ta afka wa Armeniya ranar 7 ga Disamba, 1988, ta hallaka mutane kusan 25,000, sai ya kafa gidauniyar agaji, ya tara mawaƙan Faransa suka yi waƙar "Pour toi Arménie" don tara kuɗi. Armeniya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2008, a 2009 kuma ta naɗa shi jakadanta a Switzerland.

Ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 2018, a gidansa da ke Mouriès a kudancin Faransa, yana da shekara 94. Shugaba Emmanuel Macron da Firaministan Armeniya Nikol Pashinyan ne suka jagoranci taron karrama shi a Paris. Wasansa na ƙarshe a birnin Osaka na Japan ya yi shi, ƙasa da mako biyu kafin rasuwarsa.