Agogon da ke Cikin Jikin Ƙwari

Manomin ƙasar Shanono ya san kowane ƙwaro da sa'arsa. Ƙudan zuma kan fito daga amya da hantsi ya bi furanni, gyare ba ya kuka sai magariba ta yi, sauron da ke kawo zazzaɓi kuwa sai dare ya raba yake tsananta cizo. Ba ganin rana kaɗai ke sa su haka ba. Ko an tsare ƙwaro cikin duhu kwana da kwanaki, zai dinga motsi da hutawa bisa lokacinsa, domin akwai agogo a jikinsa.

A shekarar 1971, a Amurka, Ronald Konopka da Seymour Benzer suka bincika ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Suka tarar idan wata ƙwayar gado mai suna period ta sāke, kwanan ƙudan kan zama awa 19, ko awa 28, ko ya rikice sarai. Hall da Rosbash da Young suka bayyana yadda take aiki, har aka ba su kyautar Nobel a 2017.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar period da 'yar'uwarta timeless kan sa jiki ya haɗa wasu furotin biyu. Waɗannan kan taru da dare, in sun yi yawa sai su hana ƙwayoyin da suka haife su aiki. Gari na wayewa, haske ya tā da furotin na uku, watau cryptochrome, ya rushe su, sa'an nan aiki ya koma fari.

Amma fa ba duk ƙwari ke da kayan agogo iri ɗaya ba. Ƙudan mangwaro yana da cryptochrome mai jin haske kaɗai. Ƙudan zuma ba shi da wannan, ba shi kuma da timeless, sai wani cryptochrome irin na ɗan Adam. Sauro kuwa yana da duka biyun.

Sanin wannan yana da amfani. Mai feshin wake in ya bari sai yamma lis, ya tsirar da zuma, wadda ta riga ta koma amya. Gidan sauro kuma yana tsare mutum ne domin sauro dare yake bi. A 2012 aka ba da labarin wani irin sauro a ƙasar Benin da ya koma cizo da asuba bayan an raba wa jama'a gidan sauro. In sauro ya sāke sa'arsa, tilas mai yaƙi da shi ya sāke dabara.