Zaɓen Tsibiri Don Koyon Nutso a Teku: Abin da Kimiyya Ta Tanadar wa Iyali

Gabatarwa

A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar shaƙar iska daga tukunyar ƙarfe da ya goya a baya yana can ƙarƙashin ruwa. Tun daga nan nutso a teku ya daina zama aikin masu neman lu'ulu'u da sojojin ruwa kawai. A yau iyalai da dama sukan yi tanadi su tafi hutu wani tsibiri mai ɗumi, inda uba da uwa da 'ya'ya za su koyi nutso tare. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan tallata farin yashi da itatuwan kwakwa, amma ba waɗannan ne ma'aunin zaɓe ba. Tsibirin da ya dace shi ne wanda ruwansa ya dace da mafi ƙanƙanta a cikin iyalin, kuma dalilan haka suna cikin darussan fiziks da bayoloji da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Mutumin da ke tsaye a bakin teku yana ɗauke da nauyin iskar da ke bisansa, wato kimanin kilogiram ɗaya a kan kowane murabba'in santimita na jikinsa. Idan ya nutse mita 10, ruwa zai ƙara masa kwatankwacin wannan matsi, ya zama ninki biyu. A mita 20 ninki uku ne, a mita 30 kuwa ninki huɗu. A shekarar 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ninka, girman iska yakan ragu da rabi. Saboda haka balan-balan da aka hura a sama zai koma rabin girmansa a mita 10, wanda aka hura a mita 10 kuma zai kumbura ninki biyu kafin ya iso sama.

Huhun mutum ma haka yake. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a ƙarƙashin ruwa, ya riƙe numfashi, ya taso, iskar za ta kumbura har ta yaga huhun, kuma hakan na iya faruwa ko a tasowar da ba ta kai mita biyu ba. Don haka dokar farko da ake koya wa kowane ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Matsin nan ne kuma ke sa kunne ciwo yayin sauka, sai mutum ya toshe hanci ya hura a hankali domin iskar cikin kunne ta daidaita.

Haɗari na biyu daga iskar naitirojin yake fitowa, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. William Henry ya bayyana a 1803 cewa gwargwadon ƙarfin matsi, gwargwadon iskar da ke narkewa cikin ruwa. A zurfi, naitirojin yakan narke cikin jini da tsoka. Idan aka taso a hankali yakan fita ta numfashi. Idan aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa, tamkar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar tana jawo ciwon gaɓoɓi, wani lokaci shanyewar jiki, ko ma mutuwa. Shi ya sa ake tasowa sannu, a kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Matsayin yara

Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, tana cikin manyan masu ba da takardar shaidar nutso a duniya. Kwas ɗinta na farko ya ƙunshi karatu, da darussa biyar a tafkin wanka ko ruwa mara zurfi, da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, kuma yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu. Wajibi ne ɗalibi ya iya iyon mita 200, ya kuma tsaya bisa ruwa minti 10.

A ɗauki misalin iyali mai 'ya'ya uku, masu shekara 15 da 11 da 8. Babban zai sami takardar manya, wadda iyakarta mita 18. Na tsakiya zai sami takardar yara, ba zai wuce mita 12 ba, kuma sai tare da malami ko mahaifin da ke da takarda. Autan kuwa ba a ba shi takarda sai ya cika 10, iyakarsa wasan gwaji a ruwa mara zurfi. Ke nan tsibirin da abubuwan kallonsa suke can mita 30 ba shi da amfani ga wannan iyali. Daɗin daɗawa, ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin ko fiye, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin yin sanyi, don haka ruwa mai ɗumi larura ne ga yaro.

Kafin a sayi tikitin jirgi sai kowa ya ga likita. Mai farfaɗiya da mai ciwon sikila ba sa nutso da tukunyar iska, haka ma mace mai ciki. Mai asma ko ciwon zuciya yana bukatar cikakken bincike tukuna. Batun sikila abin lura ne ƙwarai ga iyalai daga Afirka ta Yamma, inda ciwon ya yawaita.

Dalilin zuwa tsibiri

Abin da masu nutso ke zuwa kallo shi ne duwatsun murjani. Murjani ƙananan halittu ne da ke gina wa kansu gidaje na farar ƙasa, kuma a cikin jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ke haɗa musu abinci da hasken rana. Saboda haka suna bukatar ruwa mai ɗumi, garau, mara zurfi. Duwatsun murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke zaune. Wannan bukata ce ta sa gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan duwatsun murjani, domin koguna irin su Kwara suna kwararo laka da ruwan daɗi, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni. Ƙaramin tsibiri mara kogi shi ne ya fi samun ruwa garau.

Misalin Bonaire

Bonaire tsibiri ne a kudancin tekun Karibiyan, kimanin kilomita 80 daga gaɓar Benezuwela, yana ƙarƙashin ƙasar Holan, babban garinsa Kralendijk. Busasshen wuri ne mara kogi, shi ya sa mai nutso yakan hangi abu daga nisan mita 20 zuwa 30. Zafin ruwan yana tsakanin digiri 26 da 29 a ma'aunin Salshiyas duk shekara. Iska daga gabas take busowa, don haka gaɓar yamma a kwance take. Murjani yana farawa dab da gaɓa, a kan shimfiɗa mara zurfi da ke gangarawa sannu zuwa kimanin mita 10 kafin ta zurma. An sa alama a wurare fiye da 80, na bakin hanya da duwatsu masu fentin rawaya, ta yadda iyali za su shiga ruwa da ƙafa ba tare da kwalekwale ba. Idan yaro ya gaji ko ya tsorata, tudu yana kusa.

An haramta harbin kifi da mashi a tsibirin tun 1971, kuma a 1979 aka mai da dukkan ruwan da ke kewaye da shi, har zurfin mita 60, gandun da doka ta kare. Kowane mai nutso yana biyan kuɗin kula da gandun. Haka kuma akwai ɗakin matsin iska a Kralendijk, wato wani ɗakin ƙarfe da ake sa wanda kumfa ta kama, a ƙara matsi har kumfar ta ƙanƙance, a ba shi oksijin, sannan a rage matsin a hankali.

Duk da haka Bonaire yana da nasa aibu. Yawancin gaɓarsa tsakuwar murjani ce mai kaifi, sai da takalmin roba. Ko da yake yana kudu da hanyar da manyan guguwa suka saba bi, igiyar ruwan guguwar Lenny ta lalata murjanin gaɓar yamma a 1999. A 2023 kuma wata cutar murjani da aka fara gani a Fulorida a 2014 ta isa can, har aka riƙa sa masu nutso su wanke kayansu da magani.

Sauran tsibirai

Koh Tao da ke Tailan ya yi suna wajen arahar kwas da yawan makarantu, amma akwai cunkoso, kuma daga Oktoba zuwa Disamba ruwan sama da iska sukan gurɓata teku. Roatan na ƙasar Honduras yana kan jerin murjani mai tsawon kimanin kilomita 1,000, sai dai yana kan hanyar guguwa, wadda lokacinta ke farawa a Yuni ya ƙare a Nuwamba, kuma guguwar Mitch ta yi wa maƙwabcinsa Guanaja kaca-kaca a 1998. A Tanzaniya, Pemba yana da kyawun murjani, amma ruwansa na da zurfi da ƙarfin ja, ya fi dacewa da gwanaye. Tsibirin Mafia, wanda aka kafa gandun tekunsa a 1995, yana da lungun Chole mai kwanciyar ruwa, muddin aka kauce wa manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu, aka kuma yi rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Ko'ina aka nufa, ya kamata a binciki halin da murjani ke ciki a shekarar. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, murjani yakan kori gansakukarsa ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Hakan ya game duniya a 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017, kuma an sanar da karo na huɗu a 2024.

Kammalawa

Iyalin da ke shirin tafiya su rubuta wa makarantar nutso tun suna gida. Su tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya ke ɗauka, domin ƙa'idar PADI ba ta yarda a wuce huɗu a teku ba idan akwai yaro mai shekara 10 ko 11. Su tambayi ko akwai kaya daidai jikin yara, ko ana ajiye oksijin a bakin ruwa, da kuma nisan ɗakin matsin iska. Su bar ranar ƙarshe ta hutu babu nutso, saboda matsin cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, kuma ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 18 bayan nutson kwanaki a jere. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai dokar Boyle ba sai ya kai su teku ba. Ya sami sirinji mara allura, ya ja iska zuwa alamar 10, ya toshe bakin da yatsa, ya danna zuwa alamar 5. Ƙarfin da ɗalibi zai ji a yatsansa shi ne matsin da mai nutso ke ɗauka a mita 10, kuma yadda sandar ke komowa da kanta idan aka sake ta, haka iska ke yi a huhun wanda ya riƙe numfashi ya taso.