Elan da mahalba a ƙasar Suwed

Elan babbar dabbar daji ce ta ƙasashen sanyi, kamar Kanada da Rasha da Suwed. Da Faransanci ana ce masa élan, a Kanada kuma orignal. Ya fi doki tsawo. Nauyin namiji yakan kai kilo 500. Namiji kaɗai ke da ƙahoni, masu faɗi kamar tafin hannu. Kowace shekara sukan faɗi da sanyi, wasu su tsiro. Tamace takan haifi ɗa ɗaya ko biyu a watan Mayu ko Yuni.

Ina elan yake zama?

Abincin elan shi ne ganyaye, da tohon ƙananan itatuwa, da ciyawar cikin ruwa. Irin wannan abinci ya fi yawa a sarari, inda aka sare manyan itatuwa, ƙanana suka fara tsirowa. Amma a sarari mahalbi yana hango shi daga nesa. Kusa da hanyar mota ma akwai haɗari, domin nan ne mahalba suke isa ba wuya.

Cikin kurmi mai duhu kuwa akwai wurin ɓuya, sai dai abinci kaɗan ne. Ke nan kowane wuri da amfaninsa da haɗarinsa. Shi ya sa elan yakan fito kiwo da almuru ko da asuba, da rana kuma ya shige kurmi.

Abin da ya faru a Suwed

A shekarar 1789, sarki Gustab na 3 ya ba manoma masu ƙasa izinin farauta a filayensu. Aka yi ta halbin elan ba ƙaƙƙautawa. A farkon ƙarni na 19, saura kaɗan ya ɓace daga ƙasar. Sai hukuma ta hana halbinsa har shekaru da dama, daga baya ta tsaida lokacin farauta.

Sannu a hankali elan ya sake yaɗuwa. Bayan 1960 ya yi yawa ƙwarai, saboda dalilai uku. Na farko, masu aikin katako sun sare dazuzzuka, abinci ya yawaita. Na biyu, mahalba sun rage kashe mata masu haihuwa. Na uku, kyarkeci, wanda yake cin elan, ya kusa ƙarewa a lokacin. A shekarar 1982 kaɗai an halbe elan fiye da dubu 170.

Yawan nan ma ya kawo matsala. Elan yana ɓata ƙananan itatuwan da aka dasa, yana kuma karo da motoci a kan hanya. Don haka ba a hana farauta ba, tsara ta aka yi. Ana soma ta a watan Satumba ko Oktoba, kuma kowane yanki yana da adadin da aka yarda a halba.

Mu riƙe

Rayuwar elan ta dogara da wurin da ya zaɓa, da yawan wanda mutane suke halbi. In an bar uwaye suka haihu, garke ba ya ƙarewa.

Tambayoyi

1. Mi ya sa elan yake fitowa sarari?
2. Wane haɗari yake gamuwa da shi a can?
3. Faɗi dalilai uku da suka sa elan ya yi yawa bayan 1960.
4. Waɗanne dabbobin daji ne suka ragu a yankinku? Tambayi dattawan garinku dalili.