Hasken da Ke Yanka Yadi

Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari a Kano ya duba leshin da ake yayi, zai ci karo da wani iri mai huje-huje, furanninsa a yanke tsaf, bakin kowane rami a liƙe, ko silin zare bai fito ba. Almakashi ba ya irin wannan aiki, reza ma haka. Hasken leza ne ya yi shi.

Theodore Maiman ne ya haɗa leza ta farko a Amurka a 1960, amma wadda ta shafi masu yadi ita ce mai aiki da iskar CO2, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a Bell Labs a 1964. A cikin na'urar akwai dogon bututun gilashi cike da iska. Idan lantarki ya ratsa shi, sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani. Madubai uku ne ke miƙa hasken har ya kai kan yadin, inda wani ɗan gilashi ke tattara shi a ɗigon da bai kai rabin milimita ba, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Kwamfuta ce ke jan ɗigon bisa zanen da aka ba ta. In aka rage ƙarfin hasken aka ƙara gudu, zane zai yi a fuskar yadin. In aka ƙara ƙarfi, sai ya huda ya wuce.

Ke nan na'urar ƙonawa take yi, kuma kowane zare da yadda yake karɓar wuta. A nan ne masu sayen ta da zumuɗi ke yin asara.

Poliyesta da nailan daga man fetur aka samo su, narkewa suke yi. Da hasken ya wuce, bakin yadin zai narke ya daskare nan take, ya liƙe kansa, ba sai tela ya yi kalmasa ba. Sirrin leshin nan ke nan, haka ma tutoci da lambobin da ake mannawa a rigunan ƙwallo. In zafin ya yi yawa, bakin kan yi tauri har ya riƙa kartar fata, mai ɗinkin rigar mata ya lura da wannan. Auduga kuwa ba ta narkewa, babbakewa take yi. Bakinta zai yi launin ƙasa-ƙasa, ya ɗauki ƙauri, bayan wanki kuma zaren na iya warwarewa. Wanda ya shimfiɗa farar shaddar mutane mai tsada a na'urar ba tare da ya gwada a ƙyalle ba, shi ya jawo wa kansa biyan kuɗi. Ulu da siliki suna yankuwa, sai dai warin ƙonannen gashi ya cika shago.

Akwai kuma wanda bai kamata ya kusanci na'urar ba sam: duk abin da ke da robar PVC, irin su fatar roba ta jakunkuna da kujeru, da wasu tamfol. Idan ta ƙone, tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu da ido, ta kuma sa ƙarafan na'urar su yi tsatsa. Gwajin ba shi da wuya. A gasa wayar jan ƙarfe ta yi ja, a dangwala a jikin yadin, a mayar da ita cikin wuta. In harshen wutar ya koma kore, a ajiye wannan kaya gefe.

Wani wurin da leza ta yi rana shi ne wandon jins. Koɗewar nan da matasa ke so, a da da yashi ake feso ta, ma'aikata suna shaƙa, har cutar huhu ta kashe wasu a Turkiyya, gwamnatin ƙasar ta haramta aikin a 2009. A 2018 kamfanin Levi's ya sanar da cewa zai koma amfani da leza wajen wannan ado. A ganina, wannan amfanin ya fi na furannin leshi nauyi.

Mai niyyar kafa irin wannan sana'a a ƙasarmu ya sani cewa kuɗin na'urar somin-taɓi ne. Bututun yana buƙatar ruwan sanyi ya riƙa zagaya shi, kuma a zafin bazara bokitin ruwa ba zai wadatar ba, sai da na'urar sanyaya ruwa. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan madubai ta rage ƙarfin hasken, dole a riƙa goge su. Wutar da ke hawa da sauka tana lalata kayan lantarkinta. Hayaƙi kuma sai an ja shi da bututu zuwa waje. Yadi abu ne mai saurin kamawa, don haka ba a kunna na'urar a fita sallah ko cin abinci. A dakatar da ita, in an dawo a ci gaba, gorar kashe gobara tana kusa da hannu.